Me kamfanonin Japan suke dubawa kafin su ɗauki baƙo aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da digiri a fannin kwamfuta, na gama bautar ƙasa, yanzu shekarata uku ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Kano. Na ji ana cewa Japan na fama da ƙarancin ma'aikata. Me kamfanoninsu suke dubawa idan za su ɗauki baƙo? Dole ne sai na iya yarensu? Kuma yaya batun sallah da abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Yawan jama'ar Japan ya kai ƙololuwa wajen 2008, a kusan miliyan 128, tun daga nan raguwa yake yi, tsofaffi na ƙaruwa, masu jini a jika na ƙaranci. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadagonsu ta Oktoban 2024 ta nuna baƙin ma'aikata sun kai kimanin miliyan 2.3, 'yan Biyetnam ne kan gaba, sai 'yan Sin da 'yan Filifin. Amma kada buƙatar ta ruɗe ka. Kamfanin Japan ya gwammace kujera ta yi wata shida babu kowa a kai da ya ɗauko wanda zai zame masa ciwon kai. Dalili kuwa, sallamar cikakken ma'aikaci a can abu ne mai wuya, kotu ba ta amincewa da kora sai da hujja mai ƙarfi. Wanda ya san in ya ɗauka saki zai yi masa wuya, dole ya yi bincike irin na mai neman aure. Don haka gwaninta kaɗai ba ta isa. Wanda hankalinsu zai kwanta da shi suke nema, kuma kusan duk abin da zan faɗa maka daga nan ya samo asali.

Kafin kowa ya duba iyawarka, ma'aikacin sashen ɗaukar aiki zai fara tambayar kansa ko hukumar shige da fice za ta ba ka izini a kan wannan aikin. Japan ba ta da biza guda da za a ce ta aiki ce kawai, kowane izinin zama an ɗaure shi da irin aikin da mutum zai yi. Naka shi ne wanda suke taƙaita sunansa da Gijinkoku, wato izinin injiniyoyi da masu ilimin fannonin zamantakewa da masu hulɗa da ƙasashen waje. Sharaɗinsa digirin jami'a mai alaƙa da aikin, ko shaidar kammala makarantar koyon sana'a ta cikin Japan, ko gogewar shekara 10 wadda za a iya tabbatarwa da takardu. Masu fassara da tafinta da cinikin ƙasa da ƙasa, gogewar shekara 3 ta ishe su. Albashin kuma dole ya kai na ɗan ƙasa mai irin wannan aikin. Ga mai digiri ana sassauta batun alaƙar karatu da aiki, ga mai makarantar sana'a ana tsanantawa. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ɗauke ka da wannan izini a sa ka aikin ƙarfi, irin dako ko wanke-wanke ko tsayuwa a layin masana'anta. Kamfanin da ya rubuta “tafinta” a takarda ya kai mutum ɗaurin kaya, shi da ma'aikacin duka sun shiga uku: ma'aikaci ya rasa izini, mai kamfani ya fuskanci tara ta miliyoyin yen ko ɗauri. Wannan tsoron ne ya sa suke bin takardu layi-layi.

Kamfanin ne yake nema maka takardar cancanta daga hukumar shige da fice, wadda aka fi sani da COE. Tana ɗaukar wata 1 zuwa 3. Babban kamfani da ke kasuwar hannun jari takardu kaɗan ake nema a wurinsa, ƙarami ko sabo kuwa sai ya kawo bayanin kuɗinsa da hujjar abin da ya sa yake buƙatarka. Shi ya sa ƙananan kamfanoni da yawa suke rubuta cewa sai wanda yake zaune a Japan. Sau da yawa gudun wahalar takarda ne, ba ƙin baƙo ba.

A nan mutanenmu suke yawan tuntuɓe, kuma ba don rashin cancanta ba. Fasfo ya rubuta Muhammad, digiri ya rubuta Mohammed, takardar WAEC an liƙa sunan gari a ƙarshe, ga ranar haihuwa biyu, ɗaya ta makaranta ɗaya ta aiki. A gida takardar rantsuwa daga kotu takan kashe maganar. Jami'in Japan kuwa in ya ga suna biyu, mutum biyu ya gani har sai an gamsar da shi. Ka daidaita komai da abin da ke fasfonka tun kafin ka fara nema. Ka karɓi ainihin takardar digiri da cikakken sakamakon darussa daga jami'a, kada ka tsaya a kan takardar wucin gadi. Ka kuma nemi wasiƙa daga kamfanin da kake yi wa aiki mai ɗauke da ranar da ka fara da irin aikin da kake yi, a kan takarda mai tambarin kamfani da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. Sukan kira.

Ga wanda ba shi da digiri akwai Tokutei Gino, tsarin ma'aikata masu sana'a da aka fara a Afrilun 2019. A 2024 fannoninsa sun kai 16, ciki har da kula da tsofaffi, gini, noma, kamun kifi, sarrafa abinci, otal, gyaran mota da tuƙi. Ana buƙatar cin jarrabawar sana'ar da ta harshe, matakin N4 na jarrabawar Japananci ta JLPT ko jarrabawar JFT-Basic. Matakin farko iyakarsa shekara 5 kuma ba a zuwa da iyali, mataki na biyu ana sabunta shi kuma iyali na iya biyowa. Sai dai jarrabawowin a Japan da ƙasashen Asiya ake yin mafi yawansu. Tsohon tsarin ɗalibai masu koyon aiki na 1993, wanda ya yi ƙaurin suna saboda bashin dillalai da zaluntar ma'aikata, an yi doka a 2024 cewa za a maye gurbinsa da sabo mai suna Ikusei Shuro a 2027. Shi ma tsohon ta hanyar hukumomin tura ma'aikata na ƙasashen Asiya aka fi tafiyar da shi. Saboda haka in wani ya zo maka a Kano ko Abuja da “gurbin aikin gona a Japan”, yana neman miliyoyi, ka tambaye shi sunan izinin zaman da wurin da za ka rubuta jarrabawar. Galibi a nan maganar take mutuwa.

Ka kuma tuna abin da ya faru a Agustan 2025 lokacin taron TICAD na 9, wato taron Japan da ƙasashen Afirka, a Yokohama. Hukumar JICA, wadda take kula da tallafin raya ƙasashe na Japan, ta ayyana birnin Kisarazu a matsayin abokin hulɗar Najeriya, sai labari ya bazu cewa za a buɗe biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta musanta, kuma a watan Satumba JICA ta janye shirin baki ɗaya. Duk mai karɓar kuɗi da sunan “bizar Kisarazu” iska yake sayarwa. Haka mai cewa ka shiga da bizar yawon buɗe ido ka nemi mafaka don ka samu aiki. Japan kaɗan take bai wa mafaka, kuma daga Yunin 2024 ana iya tasa ƙeyar wanda ya nema karo na uku. Kamfanin kirki da zarar ya ga wannan tarihin sai ya ja da baya.

Yanzu harshe, wanda shi ne rabin maganar. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne jarrabawar JLPT, mai mataki biyar daga N5 zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba, a wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara. N5 da N4 na gaisuwa da cefane da karɓar umarni mai sauƙi ne. N3 za a iya zama da kai a wurin aiki in abokan aikin masu haƙuri ne. N2 shi ne ƙofar mafi yawan ayyukan ofis, ana cin sa da maki 90 cikin 180 muddin ba ka faɗi ƙasa da ƙa'ida a wani sashe ba. N1 kuwa shi ake nema ga mai fuskantar kwastoma ko rubuta takardun yarjejeniya. Wanda bai taɓa sanin haruffan kanji ba, ya sa a ransa shekara biyu zuwa uku na karatun kullum kafin N2, domin yana buƙatar haruffa wajen dubu, jerin da gwamnati ta tsara na amfanin yau da kullum kuma 2,136 ne.

Amma ga abin da masu nema ba su cika lura da shi ba: JLPT ba ta gwada magana ko rubutu da hannu, zaɓi-ka-cika ce ta karatu da saurare. Kamfanoni sun san haka sarai. Takardar tana tsallakar da kai matakin tace takardu ne kawai, hukuncin gaske a minti biyar na farkon ganawa ake yanke shi. Akwai mai N1 da yake kasa amsa waya, akwai mai N3 da bakinsa ya buɗe har a ɗauke shi. Abin da suke saurara shi ne ko ka fahimci tambaya ba sai an maimaita ba, ko za ka iya ba da amsa a taƙaice ka fara da gundarin magana, da kuma ko ka riƙe harshen ladabi da suke kira keigo. Ba a sa ran baƙo ya ƙware a keigo, amma ana so ya san cewa in yana magana da baki kamfanin wanda yake magana da shi onsha ne, a rubuce kisha ne, nasa kuma heisha, kuma ba a ɗaukaka shugabanka a gaban mutumin waje. Bahaushe yana da sa'a ɗaya a nan wadda Bature ba shi da ita. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, suna bambanta dogon wasali da gajere, suna da baƙi mai ninki, kuma hawa da saukar murya na canza ma'ana. Wanda ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo, ko kaka da kaka, kunnensa ya riga ya shirya. Lafazi ba zai ba ka wahala ba, kanji ne zai ci maka lokaci.

To dole ne sai ka iya? A fanninka akwai rangwame. Rakuten, mai kasuwanci ta intanet, ta shelanta mayar da Turanci harshen aikinta tun 2010, Mercari da wasu kamfanonin fasaha na Tokyo da Fukuoka suna da rukunonin injiniyoyi da Turanci suke aiki. Irin waɗannan jarrabawar rubuta manhaja za su ba ka, su duba abin da ka ajiye a GitHub, su tambaye ka tsarin da ka taɓa ginawa da yadda ka gyara shi da ya lalace. Sai dai guraben kaɗan ne, kuma da injiniyoyin Indiya da Turai da Amurka za ka yi gogayya. Shekara uku ita ce daidai bakin inda ake fara kula mutum daga waje. Mafi yawan sauran ayyukan kwamfuta na kamfanonin da suke tura injiniya ofishin kwastoma ne, inda takardar bayanin aiki da taro duk da Japananci ake yi. Can babu N2 babu magana. Ko a kamfanin Turanci, wanda ya zo da N4 ya ce yana ci gaba da karatu ya fi wanda bai fara ba, don alama ce ta mai niyyar zama.

Zama ɗin nan shi ne babban abin da ke cin ransu game da baƙo. In ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata aka same ka, mai ɗaukar aiki ne yake biya, kusan kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari na albashinka na shekara. Kenan mai albashin yen miliyan 5 ya ci musu aƙalla miliyan ɗaya da rabi kafin ya zauna a kujera, ban da kuɗin jirgi da na gida da watannin koyarwa. (Ka riƙe wannan: a tsarin Japan ba mai neman aiki ne yake biyan dillali ba.) Suna da karin magana cewa ko dutse ne, in ka zauna a kansa shekara uku zai yi ɗumi. Don haka tambayoyi uku ba sa wuce kowa: me ya sa Japan, me ya sa kamfaninmu, kuma har yaushe. Mai cewa yana son zane-zanensu masu motsi ko tsaftar titunansu bai amsa komai ba. Mai cewa zai koyi aiki shekara biyu ya koma gida ya buɗe nasa ya faɗi gaskiya, amma ya kori kansa, sai fa in kamfanin yana da shirin buɗe reshe a Afirka. Amsa mai kyau ita ce wadda ta ambaci wani kaya ko aikin kamfanin da sunansa, ta haɗa shi da abin da ka taɓa yi, ta kuma nuna inda kake son kaiwa a cikinsa nan da shekara biyar. Za su ƙirga yawan wuraren da ka yi aiki. Uku cikin shekara uku abin tuhuma ne, naka guda ɗaya cikin shekara uku kuwa jari ne, ka fito da shi fili. Kada ka zagi tsohon maigidanka ko da ya cancanci zagi.

Ƙofofin ɗaukar aiki biyu ne kuma ba su kama da juna. Ta farko ta sabbin masu digiri ce, inda manyan kamfanoni suke ɗibar ɗalibai gaba ɗaya su fara aiki ranar 1 ga Afrilu. Jadawalin da gwamnati ta shimfiɗa shi ne bayani daga Maris na shekarar da ta gabata, tantancewa daga Yuni, alƙawarin aiki da suke kira naitei a Oktoba, kodayake da yawa suna riga jadawalin. A wannan ƙofa ba sana'a ake saye ba, hali da alamar iya koyo ake saye, kamfani zai horar da kai ya riƙa juya ka daga sashe zuwa sashe. Akwai jarrabawar SPI ta harshe da lissafi da ɗabi'a, wadda take kayar da baƙi da yawa saboda saurin karatun da take buƙata. Wannan ƙofa ta shafi wanda ya je karatu ne, misali da tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, da ake nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja, ko shirin ABE da aka ƙaddamar a 2013 don matasan Afirka masu digiri na biyu, wanda ya haɗa da zaman koyon aiki a kamfani. Ɗaliban da suka jira sai sun gama karatu kafin su fara nema, kamar yadda muke yi a gida, sukan tarar jirgi ya tashi. Ɗalibi kuma ya kiyaye awa 28 a mako da aka yarje masa na aikin wucin gadi. Wanda ya wuce, takardar harajinsa ce za ta tona shi ranar da zai canza izini zuwa na aiki.

Ƙofa ta biyu, wadda ita ce taka, ta masu gogewa ce, a buɗe take duk shekara. Takarda biyu ake nema. Rirekisho fom ne mai tsayayyen tsari: hoto mai tsawon santimita 4 da faɗin 3 wanda bai wuce wata uku ba, sannan makarantu da wuraren aiki a jere da shekara da wata, ba a tsallake ko ɗaya. An tsara shi ne don giɓi ya fito. In yajin aikin malaman jami'a ya mayar maka da digirin shekara huɗu ya zama shida, ko bautar ƙasa ta ci shekara, ka rubuta dalilin a layi ɗaya, domin su ba su san da waɗannan ba, za su ɗauka faɗuwa ka yi ko zaman banza. Ta biyu shokumu keirekisho, shafi ɗaya zuwa uku, inda za ka zayyana kowane aiki: mutum nawa ne a rukunin, mene ne rabonka, da wane harshen kwamfuta, wata nawa, me ya fito. Su ma kamar mu sun yarda yabon kai jahilci ne, saboda haka lamba za ta yi maka magana, ba kirari ba. “Na rage lokacin buɗe shafi daga daƙiƙa 6 zuwa 2” ya fi “ni gwani ne” sau goma. Kada ka ƙara gishiri. Ƙarya a tarihin aiki na cikin 'yan dalilan da suke halatta kora ko bayan shekaru, kuma tana iya shafar izinin zamanka.

Ganawa takan kai zagaye biyu zuwa uku, ta ƙarshe da manya. In ido da ido ne, baƙar kwat ko shuɗiya mai duhu da farar shat, ka iso minti biyar zuwa goma kafin lokaci, ka cire rigar sanyi tun a ƙofar gini, ka ƙwanƙwasa sau uku, kada ka zauna sai an ce ka zauna. Kai da za ka yi ta intanet daga Kano, naka ladabin shi ne wuta da layi. Japan na gabanmu da awa 8, ƙarfe 4 na yammarsu ƙarfe 8 na safenmu ne. Ka tanadi caji da layin waya na biyu, ka shiga kafin lokaci. Katsewar layi ba laifinka ba ne, amma rashin shirya mata laifinka ne a idonsu. Kada ka katse mai magana, kuma in sun yi shiru bayan amsarka kada ka rikice ka ci gaba da zuba, tunani suke yi. In aka ce za a duba, ko abin yana da ɗan wuya, to kara ce aka yi maka, a'a ake nufi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wasiƙar ƙin ɗauka ma da fatan alheri take ƙarewa, har masu neman aiki suka laƙaba mata suna wasiƙar addu'a.

Akwai kalma ɗaya da za ka ji tun makon farko, horenso. A yarensu sunan alayyahu ne, amma a ofis taƙaitawar abu uku ce: kai rahoto, sanarwa, da neman shawara. Masu ganawa suna gwada wannan da tambaya irin “ba mu labarin kuskuren da ka taɓa yi”. Abin da suke so su ji shi ne yaushe ka sanar da shugabanka. Mu mun saba mutum ya rufe matsala ya yi ta fama shi kaɗai, in an tambaya ya ce ba komai, an kusa. A can wanda ya ce ranar Litinin aikin Juma'a ba zai kammala ba ya fi daraja a kan wanda ya yi shiru ya kawo ranar Asabar, ko da nasa ya fi kyau. In ba ka gane umarni ba, kada kunya ta sa ka ce ka gane. In ka yi kuskure, ka fara da ba da haƙuri, sai yadda za a gyara, dalili ya zo daga ƙarshe in an tambaya. Wanda ya fara da dalili, kare kai aka ji. Lokaci kuwa, ƙarfe tara na nufin kana zaune kwamfuta a kunne. In jirgin ƙasa ya makara, tasha tana ba da takardar shaida ka kai ofis. Fashin aiki ba sanarwa, ko na yini ɗaya, yana rusa amanar shekara.

Batun addini. Ƙa'idar ma'aikatar ƙwadago ta hana masu ɗaukar aiki tambayar addinin mutum a ganawa, don haka da wuya su tayar da maganar. Shawarata kai ka tayar da ita, a zagayen ƙarshe ko da zarar an yi maka tayi, kafin sa hannu. Yawancinsu ba ƙin Musulunci suke yi ba, rashin sani ne, kuma abin da ba su sani ba shi suke tsoro. Ka ba su lissafi: Azahar tana shiga hutun rana, wanda galibi 12 zuwa 1 ne, La'asar minti goma a kowane ɗaki mai tsafta. Ka sani a watan Disamba rana tana faɗuwa a Tokyo wajen ƙarfe 4:30, kenan La'asar da Magariba duka a lokacin aiki za su same ka. Juma'a ce mai wuya, domin masallatai ba su da yawa. In ofis na kusa da irin masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, ka nemi tsawaita hutun ranar ka biya da yamma. Abin da ya fi jawo ƙorafi ba sallar ba ce, alwala ce: wanke ƙafa a mazubin wanke hannu da barin ƙasa a jiƙe. Ka riƙe ƙaramin tawul ka goge wurin, ka kuma tambayi malami hukuncin shafa a kan safa. Walimar bayan aiki da suke kira nomikai, a nan ake ƙulla zumunci. Masu halarta daga cikin Musulmi shayin ulon suke sha, kuma yanzu ba a cika tilasta wa kowa giya ba, sai ka auna da abin da zuciyarka da malamanka suka natsu da shi. Abinci sai ka koyi karanta kanjin alade da na giya a jikin fakiti, ka san mirin, giyar girki da ke shiga miya da yawa. Gemu a ofishin injiniyoyi ba matsala ba ne in an gyara shi, a otal da kanti ne ake magana. Mata masu hijabi kuwa 'yan Indonesiya sun share musu hanya a gidajen kula da tsofaffi da masana'antu da dama. Hutun Sallah babu shi a kalandarsu. Doka ta ba ka kwana 10 na hutu mai albashi bayan wata shida, daga ciki za ka cira, kuma ka nema tun da wuri.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wariya. Wasu masu gidajen haya ba sa ba baƙo, wasu kamfanoni ba za su amsa maka ba ko takardunka sun cika. Shi ya sa yana da kyau ka tambaya ko kamfani zai tsaya maka wajen neman gida.

Kana kuma da hajar da ɗan Biyetnam ba shi da ita. Ajinomoto tana Najeriya tun 1991, farin maginta ya shiga kowane ƙauye a Arewa. Honda na haɗa babura a Ota, Toyota Tsusho ta mallaki kamfanin dillancin motoci da kayayyaki CFAO da ke ko'ina a yammacin Afirka, ga masu fitar da tsofaffin injuna da kayan gyaran mota. Irin waɗannan, mutumin da ya san kasuwar Kano, yana jin Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci in ɗan Nijar ne, kuma zai iya rubuta wa hedikwata rahoto da Japananci, ba a samunsa a ko'ina. Masu sha'awar koyar da Turanci a makarantu kuma su sani ana neman shaidar shekara 12 na karatu da Turanci, don haka wasiƙa daga firamare da sakandare tana da amfani.

In tayi ya zo, kada murna ta hana ka karanta takardar sharuɗɗa. Ka duba ko seishain ne, wato cikakken ma'aikaci, ko na kwantiragi mai wa'adi, ko wanda ake turawa aiki a wani kamfani. Ka duba wa'adin gwaji, wanda yakan zama wata 3 zuwa 6. Albashin shekara da aka faɗa maka sau da yawa ya haɗa da garaɓasar bazara da ta hunturu, wadda ba tabbas ba ce, wani lokaci kuma an cusa kuɗin ƙarin awa 20 ko 30 ko 45 a cikin albashin wata, ka nemi a raba maka su. Bayan haraji da fansho da inshorar lafiya, kusan kashi 75 zuwa 80 ne zai shigo hannunka, kuma harajin mazauna gari sai a shekara ta biyu yake fara cizo, domin a kan kuɗin bara ake lissafa shi. Kada ka yi wasa da biyan waɗannan, ana duba su wajen sabunta izini da neman zaman dindindin. Fasfonka da katin zamanka a hannunka za su zauna, babu maigidan da ke da ikon riƙe su. In ka bar aiki ko ka canza, kwana 14 gare ka ka sanar da hukumar shige da fice. Takardar COE kuma wata uku ne ranta daga ranar da aka fitar da ita, a ciki za ka kai ta ofishin jakadanci a Abuja, a buga maka biza, ka sauka a Japan. Saboda haka kada ka ajiye aikinka na Kano sai ta fito, amma ka tabbata fasfonka yana da sauran rai tun kafin kamfani ya shigar da takardun.